Tambaya da Amsa: Takardar inshorar da 'yan sanda ke nema a hanya

Tambaya: Ni direban a-kori-kura ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gumel, ina kai hatsi kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. 'Yan sanda sun matsa mana da neman takardar inshora. Shin sabuwar doka ce aka kafa? Kuma takardar da wani ya yi mini a tasha a kan naira 3,000 ta wadatar?

Amsa: Malam, dokar ba sabuwa ba ce, domin tun 1945, zamanin mulkin Turawa, aka wajabta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya diyya idan motarsa ta raunata wani ko ta kashe shi a hanya, daga baya kuma aka haɗa da ɓarnar dukiya. Abin da ya sauya shi ne kuɗin da kuma tsananin bincike. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motocin ɗaukar kaya irin taka suna wani rukuni dabam da kuɗinsa ya fi haka. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma, rundunar 'yan sanda ta fara tilasta bin dokar a faɗin ƙasa, shi ya sa kake ganin an matsa muku.

Takardarka ce ta fi damuna. Naira 3,000 kuɗin inshorar babur ne, saboda haka da wuya takardar mota da aka yi a wannan farashi ta zama ta gaskiya, ko da tana ɗauke da hatimi da sunan kamfani. Irinta kan wuce da mutum a shingen bincike idan jami'in bai duba sosai ba, amma ranar da ƙaddara ta faɗa, ka bugi saniyar wani ko babur ɗin wani a kan hanyar kasuwa, babu kamfanin da zai amsa kiranka. Za a zauna a zauren dagaci a yanke diyya, kai kuma ka buɗe rumbu ka sayar da geron da ka tanadar wa iyali. Ana iya tantancewa cikin sauƙi: ka danna *565*11# a wayarka, ko ka sa wani ya shiga shafin askniid.org a intanet, a saka lambar motar. Idan bayanan inshorarka ba su fito ba, ka koma kai tsaye ga kamfanin da ke da lasisin NAICOM ko wakilinsa, ka biya, ka karɓi rasit, sannan ka sake dubawa bayan 'yan kwanaki.

Ka kuma sani cewa wannan inshora ba ta gyara motarka, ba ta kuma biyan buhunan da ka ɗauko idan suka lalace. Hakkin wanda ka yi wa ɓarna kaɗai take ɗauka. Idan kuwa kana da shakku ta fuskar addini, kamar yadda direbobi da yawa a karkararmu suke da shi, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke aiki bisa tsarin Musulunci, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a wurin 'yan sanda.