Ot mai kwana da madarar da aka haɗa a gida: ke ki ci, amma ki janye wa jaririn

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Agege a Legas, wurin aikina kuma Obalende, da na idar da sallar asuba nake fita saboda gosulo. Na daina cin nama da ƙwai da duk abin da ya fito daga dabba, ko madarar shanu ba na sha, dama can tana kumbura mini ciki. Da daddare nake jiƙa ot, wato hatsin nan na Turawa da ake kunu da shi, da madarar ot ɗin da nake haɗawa da kaina, da safe in ɗauka in tafi da shi. Matsalata biyu: madarar tana yauƙi kamar kuɓewa, sannan in aka ɗauke wuta da dare nakan tarar ya ɗan yi tsami, shin zan iya ci? Ɗana yana da wata takwas, nono ya ragu tunda na koma aiki, madarar gwangwani kuma ta yi tsada, shi ya sa nake bar wa mai rainonsa wannan madarar a fida. Wata mai sayar da kayan gyaran jiki ta ce ta ma fi ta gwangwani tsabta. Amma na ga kamar ya rage kuzari, hankalina ya fara tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaron. Zan fara da masu sauƙin, amma kada ki ajiye wayar sai kin karanta maganar yaron, don ita ce mai gaggawa.

Yauƙin daga hatsin yake. Ot yana ɗauke da wani sinadari mai danƙo da ake kira beta-gulukan, shi ne ma amfaninsa wajen rage kitsen jini idan mutum yana samun kusan giram 3 a rana. Ɗumi da dogon niƙa da matsa ne suke sakin sa cikin ruwa. Saboda haka kada ki jiƙa ot ɗin da za ki yi madara da shi. Kofi ɗaya na busasshen ot, kofi huɗu na ruwa mai sanyi sosai, in da hali da 'yar ƙanƙara, ki kunna blanda daƙiƙa 20 zuwa 30 ki kashe. Ki zuba a ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki bar shi ya tsiyaye da kansa. Hannunmu ya saba da matse gasara, to nan ba a matsewa. Ɗan gishiri da dabino biyu da aka cire wa ƙwallo sun isa ɗanɗano. Dusar da ta rage kada ki zubar, ki juye ta cikin kwalbar karin kumallon.

Shi kuwa mai kwanan, rabin kofi na ot mai faɗi, irin wanda aka murje, da rabin kofi ko ɗan fiye na madarar, a kwalba mai murfi. Wanda aka rubuta "na nan take" a jikinsa yana narkewa ya zama kunu kafin safiya. Tun a masana'anta ana turara ot, shi ya sa ake iya cin sa ba a dafa ba. Abin da na fi so ki kula da shi: ot da ruwan ot hatsi ne a kan hatsi, kafin ki sauka daga mota kin fara jin yunwa. Ki sa cokali biyu na tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, da riɗi, ayaba kuma sai da safe. Duk waɗannan suna nan a Mile 12 da kasuwar Agege da araha, ba sai kin bi 'ya'yan chiya na manyan kantuna ba. In za ki iya sauya ruwan da madarar waken suya da aka dafa sosai, furotin ɗin zai ƙaru.

Batun tsami. Wannan abinci ne na firji, sanyin da bai haura digiri 5 ba. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kusan awa huɗu bayan an ɗauke wuta. Daga nan jiƙaƙƙen hatsi a zafin Legas gona ce ta ƙwayoyin cuta, kuma ba duka ne suke sauya wari ko ɗanɗano ba. Kada ki kwatanta da gasara, ita ana dama ta da tafasasshen ruwa. In ya yi tsami ki zubar. Daren da kika san layinku ba shi da wuta, ko dai ki sa kwalbar a kula da ƙanƙara, ko ki haƙura da jiƙon, ki dafa busasshen ot na minti biyar da asuba. Madarar kanta kwana uku a firji mai aiki, kuma ki girgiza kafin ki zuba.

Yanzu maganar yaron. Don Allah daga yau ki daina ba shi wannan a matsayin madara. Wannan kuskure ne da nake cin karo da shi kullum a ɗakin awon yara, wata da ruwan ot, wata da kunun aya, wata da ruwan shinkafa, kuma kusan dukansu iyaye ne masu kula, masu karatu, waɗanda wani ya yaudara da kalmar "na gargajiya" ko "babu sinadari". Farin launi ne kawai ya haɗa shi da nono.

Mu yi lissafi tare. Kofi ɗaya na ot kusan giram 80 ne, a ciki akwai furotin wajen giram 10 da kuzari wajen kalori 300. Kin baza wannan cikin lita guda ta ruwa, sannan kin tace, kaso mai yawa ya tsaya a ƙyalle. Ko da a ce babu abin da ya tsaya, kowane mililita 100 bai wuce kalori 30 ba. Nonon uwa yana da kalori 65 zuwa 70 a wannan ma'aunin, kusan rabinsa daga mai, wanda ƙwaƙwalwar jariri take ginuwa da shi. Madarar shanu tana da furotin fiye da giram 3 da kalsiyam wajen miligiram 120. Ruwan ot na gida kusan babu mai a cikinsa, kalsiyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba, babu bitamin B12, babu D. Na kwali da ake sayarwa ana zuba wa yawancinsu kalsiyam da bitamin, amma su ma ba a yi su don jarirai ba. Cikin yaro ɗan wata takwas ƙarami ne. In ya cika da wannan ruwan zai yi shiru ya yi barci, mai raino ta ce ya ƙoshi, alhali yunwa ce take cin sa a hankali. Ga shi kuma da ya ƙoshi da ruwan ba zai ja nono sosai da dare ba, nonon ya ƙara raguwa.

Ba sabon abu ba ne. A 1933 likitar yara Cicely Williams ta bayyana cutar kwashiyoko, wato tamowa mai kumbura jiki, a Gana, a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. A Beljiyam, ƙasar da ba ta rasa asibiti ba, wani jariri ɗan wata bakwai ya rasu a 2014 bayan iyayensa sun riƙa ba shi madarar ot da ta shinkafa da makamantansu, kotu ta same su da laifi a 2017. Abin da ya fi ba ni haushi da irin wannan tamowa shi ne tana ɓoyewa: yaro ya kumbura, kumatu su cika, 'yan uwa su riƙa cewa masha Allah ya yi ƙiba.

Ita kuma mai kayan gyaran jikin, a ina ta koyi ciyar da jarirai? Mutum ya sayi blanda da fitilar ɗaukar bidiyo ya zama likita a TikTok, yau maganin sanyi, gobe abincin jariri. Idan yaro ya kwanta a asibiti ba za ki gan ta ba. Ban kuma wanke masu ɗaukar aiki ba. Tun 2014 gwamnatin jihar Legas take ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida, amma mafi yawan masu aiki a kamfanoni makonni 12 ne nasu. Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, sai dai wace mace ce za ta je Agege daga Obalende ta dawo a rabin awa? Ki nemi haƙƙinki ko da don ki tatsa ne. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta yana kaiwa kwana huɗu a firji, kuma yawan tatsa da shayarwar dare su ne suke dawo da shi, ba wani haɗin da za a sayar miki ba.

Inda nonon bai isa ba, madarar jarirai ta gwangwani ce, a dama ta yadda aka rubuta, kada a tsinka don ta daɗe. Akwai wadda aka yi da waken suya musamman don jarirai, ki tambayi likitansa. Idan kuɗi ne matsalar, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta amince a ba yaro ɗan wata 6 zuwa 11 da ake ba wa wata madara banda nono madarar dabba mai cikakken mai, a tafasa ta in ɗanya ce. Ot kuwa ki ba shi dafaffe da kauri, a matsayin abinci, da gyaɗa niƙaƙƙiya da ɗan mai. Shawarata ki bar shi ya ci ƙwai da kifi da hanta. Zaɓin da kika yi wa kanki ina mutunta shi, amma yaro mai wannan shekarun ba a hana shi abincin dabba sai da kulawar masani da ƙarin magunguna. Zuma ma sai ya cika shekara.

Tunda kin ce ya rage kuzari, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a wannan makon, da katin rigakafinsa. A auna nauyinsa a kwatanta da na baya, a auna damtsensa: ƙasa da santimita 12.5 akwai matsala, ƙasa da 11.5 mai tsanani ce. Yau da dare ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai dawo ba, ko ya ƙi cin abinci, ko yana yawan barci ba ya wasa, kada ki jira, ki tafi babban asibiti. Ki gaya musu ke ma ba kya cin abincin dabba, don a duba jininku ku biyu. B12 ba ya cikin hatsi ko ganye, ko zogale ba shi da shi, kuma in ya yi ƙaranci a jikinki zai yi ƙaranci a nononki. Ki fara shan ƙwayarsa, ki tambaye su adadin da ya dace da mai shayarwa.