Hukuncin Tafiya Indonesiya Don Hawan Igiyar Teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni haifaffen Makka ne, ina aiki a Jidda. Mu huɗu muka tara kuɗi za mu tsibirin Bali na Indonesiya kwana goma a watan Yuli, mu koyi hawan igiyar teku a kan allo, tunda Bahar Maliya ba ta da manyan igiyoyi. Wani ɗan'uwa ya ce haramun ne, wai hadisi ya hana hawa teku sai don hajji, umara ko yaƙi. Iyo a wurin ninkaya na wani otal na koya. Hajiyarmu kuwa na ce mata aiki ne zai kai ni, don kada hankalinta ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, wasan kansa halal ne, haka ma tafiya don hutu.

Hadisin da ɗan'uwanka ya kawo Abu Dawud ya ruwaito shi, amma malaman hadisi sun raunana shi, cikinsu har da Albani. Kuma ingantattun nassoshi sun saɓa masa. Wani mutum ya ce wa Annabi (SAW) suna hawa teku da ɗan ruwan sha kaɗan, ko za su yi alwala da ruwanta? Ya amsa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Bai tsaya tambayarsa hajji ne ya kai su ko yaƙi ba, kuma ba a jinkirta bayani a lokacin buƙatarsa. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 5 da aiko Annabi, a Shu'aiba suka shiga jirgi, nan kudu da Jidda inda kake, kuma jirgin fatake ne. Aya ta 14 a Suratun Nahli ta lissafa kamun kifi da fito da kayan ado cikin ni'imomin teku. Ta yaya za a yi mana gori da ni'ima sannan a haramta ta da ruwaya mai rauni? Abin da malamai suka hana shi ne shiga teku lokacin da halaka ta fi rinjaye a zato.

To nan ne maganarka ta tsaya mini a rai. Ruwan otal ba ya jan mutum, teku kuwa tana da jan ruwa da ke kwasar gwani ya rasa gaɓa. Yuli lokacin manyan igiyoyi ne a Bali, kuma wurare irin su Uluwatu duwatsun murjani ne a ƙarƙashinsu. Shigar irinka can jefa kai ne cikin halaka, bai halatta ba. Ka tsaya inda masu koyo suke, gaɓa mai yashi, da mai koyarwa a gefenka da masu ceto a bakin ruwa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne Hajiya. Ka zo tambaya a kan teku, ka ajiye ƙaryar da ka yi mata a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba. Wanda ya zo neman izinin jihadi ma an mayar da shi ga iyayensa, balle wasa. Ka je Makka, ka zauna gabanta ka faɗa mata gaskiya. In ta ce a'a saboda tsoron ranka, tafiya ta fasu, ko da kuɗin tikiti zai salwanta.

In ta yarda, shawarata ku sauya tsibiri. Mafi yawan mutanen Bali Hindu ne, gaɓar Kuta kuma ta shahara da giya da tsiraici. Lombok na maƙwabtaka da ita daga gabas, mutanenta galibi Musulmi ne, masallatai ko'ina, abincin halal ba wuya, igiyar ma akwai. Can ɗin ma sai da runtse ido.

Wando ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, in matsattse ne ka ɗora wani. Tunda kun yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu, ku cika salla da zarar kun sauka, ƙasaru a hanya ne kawai. Masu wannan wasa da sassafe suke fita, kada allo ya taɓa ruwa kafin ka sallaci Asuba. Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa.

Allah ne mafi sani.