Yadda ake kwaso kiɗan pedal steel daga faifai

Ka tambayi yadda za ka gano abin da mai pedal steel (gita ce a kwance mai fedojin ƙafa, ana zame ƙarfen hannu a kan tsirkiyoyinta) ke kaɗawa a waƙoƙin country na Amurka. Fara da ɗaurin E9 (wani tsarin daidaita sautin tsirkiyoyi), shi 'yan Nashville, cibiyar kiɗan country, suka fi amfani da shi. Rage gudun waƙar zuwa rabi, ka yi ta maimaita daƙiƙa biyar.

In waƙar a sautin G take, duba layi (fret) na 3 a jikin gitar ba tare da taka feda ba, ko na 10 da fedojin A da B. Kasa kunne: in sauti ɗaya ya tsaya cak, ɗayan ya hau, feda ce, in suka zame tare, ƙarfen hannu ne. Gwada tsirkiya 3, 4, 5, sannan 5, 6, 8. Tsohon faifai kan ɗan kauce saboda gudun tef, sai ka daidaita sautinsa tukuna.