Me ya sa harsashin bindigar Lee-Enfield ke cijewa bayan an zuba shi daga maƙali?

Malam, ka ce tsohuwar Lee-Enfield ɗinka tana cijewa duk lokacin da ka zuba harsasai daga maƙalin ƙarfen nan mai ɗaukar biyar. Ina kyautata zaton jerin ne bai yi daidai ba.

Harsashin .303 na Ingila, wanda Lee-Enfield ke amfani da shi, yana da leɓe a gindinsa. Idan leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa, sai su sarƙe, tura shi gaba ya gagara. Bindigar Mauser 98 ta Jamus ba ta da wannan ciwon kai, domin nata harsashin ba shi da leɓe mai fitowa waje.

Jerin da aka koya wa sojoji shi ne: na farko, na uku da na biyar su kwanta a ƙasan maƙalin, na biyu da na huɗu su hau kan leɓunansu. Ta haka kowane kai ka juya, ɗaya ne. Maƙali biyu ke cika cikin Lee-Enfield, harsashi 10.

Wajen dannawa, sa babban yatsa kusa da gindin harsashin, ka tura gaba ɗaya da ƙarfi, ban da lallaɓawa. In maƙalin ya yi tsatsa, goge cikinsa da sanfefa mai laushi har ya yi santsi.