Samfuran naman kaza da na tattaro a Ngel Nyaki sun fara ruɓewa, ga baffana yana son jajayen

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, aikina kan naman kaza masu cin itace ne. Na tattaro samfura a dajin Ngel Nyaki, can kan tsaunin Mambila, amma kafin in iso Jalingo rabinsu sun yi yauƙi a cikin leda. Shin aikin ya lalace? Kuma baffana mai ciwon suga ya nace in ba shi jajayen masu sheƙi ya dafa, wai Ganoderma ne, naman kazar nan da ake tallatawa a matsayin magani.

Amsa: Ɗana, waɗanda suka yi yauƙi sun tafi, ledar ce ta kashe su. Sauran ka yanka masu kauri, ka busar a zafin digiri 40 zuwa 45 har su yi ƙaƙas, sannan ka sa a firiza 'yan kwanaki saboda ƙwaro. Kowanne da ambulan ɗinsa na takarda, da lambarsa, da kwanan wata, da tsayin wurin, da sunan itacen da ya fito a kai, raye yake ko matacce, ruɓar fara ce ko ruwan ƙasa. Ka ɓalli ɗan guntu ka sa a silika (ƙwayoyin da ke tsotse danshi) don gwajin ITS, wato gwajin DNA da ake tantance nau'i da shi. Fomalin, sinadarin adana samfura, kada ya kusance su, yana lalata DNA. Samfurin da ba shi da waɗannan bayanai, ko ka kai shi ma'adanar tsirrai ta Ibadan, ba amfanin da zai yi.

Maganar baffa ita ce ta tayar min da hankali. Kullum sai na ji ana cewa duk abin da ya fito a jikin itace ba ya kisa. Wa ya faɗa? Galerina marginata a ruɓaɓɓen itace take fitowa, kuma gubarta amatosin ce, wadda ke cinye hanta. Tafasawa ba ta karya ta, busarwa ma haka. Sai an yi awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su fara, su lafa, a ce an samu sauƙi, bayan kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya. A Japan da Koriya akwai wani ja, Podostroma cornu-damae, wanda mutane suka sha a zaton Ganoderma ne da bai gama girma ba, wasu har suka rasu. Cewa tsutsa na ci, ko cokalin azurfa bai yi baƙi ba, don haka babu guba, duk shirme ne.

Ko da naka Ganoderma ne na gaske, wane nau'i? Na Sin ɗin da 'yan talla ke ta kururutawa a Facebook, sai a 2012 aka raba shi da na Turai aka raɗa masa Ganoderma lingzhi. Kai da madubin ƙara girma a gabanka ba ka gama tantance naka ba, amma mai lasifika a tasha ya riga ya rubuta "maganin suga da ciwon daji" a kwalba. Mafi muni, mai ciwon sai ya ajiye maganinsa na asibiti.

Ka kulle samfuran inda baffa ba zai kai ba. In kuwa ya riga ya sha, a kai shi asibiti yau tare da ragowar abin, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.