Amsoshin Tambayoyin Manoma: Taki, Iri da Ajiyar Amfanin Gona

Tambaya: Ina noma hekta biyu, kuma an yi mini tayin rancen sayen tsohuwar tarakta, in riƙa biya bayan kowace kaka. Ya dace in karɓa?

Amsa: Bai dace ba, Malam, kuma da ka zauna ka yi lissafi da ba ka aiko da wannan tambaya ba. Tarakta za ta gama huɗar hekta biyu a yini ɗaya, sannan ta shafe sauran shekara a ajiye, alhali bashin yana nan yana jiran ka ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Tsohuwa kuma ba ta lalacewa sai a makon da kowa ke neman makaniki. Ka yi haya, ko ku haɗu da maƙwabtan gonarka ku kira mai tarakta a rana guda domin ya rage muku farashi.

Tambaya: Bara na zuba wa masarata taki kamar yadda na saba, amma ganyenta ya ci gaba da yin rawaya har kaka, abin da na girbe bai mayar da kuɗin takin ba. Ina zargin jabu aka sayar mini. Yaya zan gane na ƙwarai bana?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Wannan ita ce matsalar da ta fi ci mini rai a harkar noma, domin wanda ya sayar wa manomi jabun taki bai tsaya ga cin kuɗinsa ba, ya raba shi da damina guda sukutum, kuma ba a gane cutar sai lokacin gyara ya wuce.

Ka fara da sanin abin da kake saye. Yuriya ta gaskiya tana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50, kuma wannan sinadarin ne ke sa ganye ya yi kore shar. Buhun takin NPK 15-15-15 kuwa, mai haɗa naitirojin da fosfaras da fotashiyam, yana da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin sinadarai ukun. Masu algus suna rage nauyin buhu, ko su gauraya taki da yashi ko gishiri, ko su zuba mai rauni a buhun mai ƙarfi su sake ɗinkewa. Saboda haka kada ka ɗauki buhu sai an ɗora shi a sikeli a gabanka, kuma ka duba ɗinkin bakinsa ko akwai ramukan tsohon zare. Yuriya tana da gwaji mai sauƙi: ka zuba cokali ɗaya a kofin ruwa ka motsa, za ta narke gaba ɗaya, kuma ruwan zai yi sanyi a hannunka, idan ka ga laka ko tsakuwa sun kwanta a ƙasa, ka mayar da buhun. Wannan gwaji ba ya yanke hukunci a kan NPK, domin ko na ƙwarai yakan bar saura a ruwa, don haka a nan amincin dillali ne abin dogaro.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda manoma da kansu ke buɗe wa macuta ƙofa. Mutum zai bar sayen taki har sai shuka ta fara neman sa, sannan ya ruga kasuwa ya sayi na awo daga buhun da aka buɗe tun ba a san yaushe ba, a hannun wanda ba shi da shago, ba ya ba da rasit, kuma mako mai zuwa ba za a same shi a wurin ba. Idan aka ce masa ga dillali mai rajista sai ya ce can ya fi tsada. Araha ba ta ado, kuma duk takin da farashinsa ya faɗi ƙasa da na sauran kasuwa sosai, akwai abin da aka cire masa. Haka abin yake a maganin feshi: kwalbar da ba ta da takarda, ko aka kankare ranar ƙarewar aikinta, ko aka ɗura ta a wata robar daban, kada ta shiga gonarka ko kyauta aka ba ka. Tun da tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Afirka a 2016, manoma suna sayen magani cikin firgici, kuma firgicin ne masu jabu ke ci da shi. Wanda ƙarfinsa bai kai buhu ba ya haɗa kuɗi da 'yan'uwansa su sayi rufaffen buhu su raba da hannunsu, su kuma adana rasit da buhun har kaka, domin da su ne za a kai ƙara.

Sai dai ka binciki aikinka kafin ka ɗora wa dillali laifi. Yuriyar da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa aka bar ta a fili, wani ɓangarenta yakan bi iska, wadda kuma aka zuba ruwa mai ƙarfi ya biyo baya, ruwan yakan tafi da ita. A binne ta a gefen shuka lokacin da ƙasa ke da danshi.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar ni da yara, kuma waken da na samu bana shi ne abin da muka dogara da shi. Ina tsoron ƙwari su cinye shi. An ba ni shawarar in sa ƙwayar gas a buhunan in ajiye a ɗakina.

Amsa: Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya miki yaran. 'Yar'uwa, ina roƙonki kada ki kai wannan ƙwaya ɗakin da ake kwana. Hayaƙin da take fitarwa guba ne mai kashe mutum, ba shi da makari, yana ratsa buhu, kuma yara yake fara kayarwa. Ki kwantar da hankalinki, akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan. Ki nemi buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira: leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, ana ɗaure kowanne daban, sai iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu. Sharaɗinsa shi ne waken ya bushe sarai. Ki zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri ki girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, ki sake shanyawa. Kafin ki biya kuɗin buhu ki hura wa kowace leda iska ki matse, ki tabbatar ba ta yoyo, sannan ki ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Wanda za ku riƙa ci ki ware shi daban, don kada ki yi ta buɗe na ajiya.

Tambaya: Irin masara mai aure da na saya ya yi kyau ƙwarai. In ɗebi iri daga ciki in huta da saye?

Amsa: A'a. Ƙarfin irin da kamfani ya haɗa daga iyaye biyu na shukar farko ne kawai. 'Ya'yansa sukan fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Idan kana son irin da za ka riƙa ajiyewa, ka tambayi malamin gona ingantaccen iri marar aure. Kowanne ka saya, ka jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma mako guda kafin shuka. Idan waɗanda suka tsira ba su kai 80 ba, ka koma wa mai shagon da rasit ɗinka tun ruwa bai zauna ba.