Filin Amsa Tambayoyinku: Shin Dole Ne Mace Ta Rufe Kanta a Sujada?

Tambaya: Baba Fasto, ni 'yar Zumuntar Mata ce a Kafanchan, kuma ban taɓa shiga majami'a ba ɗankwali ba. 'Yata da ke karatu a Jos tana zuwa wata ikilisiya inda mata ke sujada kansu a buɗe, har wani dattijo ya ce mata Allah ba ya karɓar irin wannan addu'a. Ita kuwa ta ce rufe kai alama ce ta cewa mace ba ta kai namiji ba. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Amsa: 'Yata, wurin da ake kafa hujja da shi shi ne wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 11, aya 2 zuwa 16, inda manzon ya ce macen da ta yi addu'a ko annabci kanta a buɗe ta wulaƙanta kanta, namijin da ya yi haka kansa a rufe shi ma ya wulaƙanta nasa. Koranti a lokacin birni ne da ke ƙarƙashin Romawa, inda matar aure mai mutunci kan ja mayafinta bisa kai idan ta fita cikin jama'a, maza kuwa kan lulluɓe kai sa'ad da suke miƙa hadaya ga gumaka.

Daga nan fahimta ta rabu. Wasu sun ce umarnin na kowane zamani ne, domin Bulus ya jingina shi da tsarin halitta da kuma mala'iku. Tatuliyan, malamin ikilisiya na Kartaj a Arewacin Afirka, ya riƙe wannan ra'ayi tun wajen shekara ta 200, kuma a ƙasarmu ikilisiyar Deeper Life tana kansa. Wasu sun ce abin da ke dawwama shi ne kamun kai da girmama aure, mayafin kuwa al'adar wurin ce. Akwai kuma masu dogara da aya 15, wadda ta ce an ba mace dogon gashi domin ya zama mata abin rufi. Ikilisiyar Katolika ta wajabta rufe kai a kundin dokokinta na 1917, amma kundin 1983 bai sake kawo wannan doka ba.

Maganar dattijon ta yi nauyi fiye da abin da nassin ya faɗa, kuma ta ɓata mini rai, domin babu inda Bulus ya ce mayafi sharaɗin karɓar addu'a ne. Ta wurin Almasihu muke kusantar Uba, mace da namiji.

'Yarki ma ba ta karanta surar har ƙarshe ba. Aya 5 ta nuna cewa mata suna addu'a da annabci da babbar murya a taron masu bi, Bulus kuwa bai hana su ba, yadda za su yi kawai ya tsara. A aya 11 da 12 ya ce a cikin Ubangiji mace ba a rabe take da namiji ba, namiji ma haka, domin kamar yadda mace ta fito daga namiji, ta wurin mace ake haihuwar kowane namiji. Galatiyawa 3:28 ta ƙara da cewa dukanmu ɗaya ne cikin Almasihu Yesu. A ganina, inda ya kamata a auna daidaito shi ne ko ana barin mace ta buɗe baki ta yi hidima da baiwarta, kamar Fibi mai hidimar ikilisiya da aka ambata a Romawa 16 da 'ya'yan Filibus mata huɗu masu annabci. Wannan muhawara, wadda 1 Timoti 2:12, ayar da ta ce kada mace ta koyar ko ta yi iko da namiji, ke tsakiyarta, ita ce mai zafi: Angilikan ta Ingila ta fara naɗa mata firistoci a 1994, ta Najeriya kuwa ba ta bi ta ba.

Ki ci gaba da ɗaura ɗankwalinki da zuciya ɗaya. Ki roƙi 'yarki ta ɗaura idan ta zo hutu gida, don kada ta zama sanadin tuntuɓe ga iyayenta a ikilisiya, sannan ki nemi faston ku ya zauna da dattijon, su karanta surar tare.